Siyasa a Cikin Ambulan: Wasiƙun Zamanin Malam Aminu Kano

Laccar da aka gabatar a garin Durun

 

   

Abin da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan wasiƙun 'yan siyasar da suka gabata: abin da suka rubuta a kan neman ƙuri'a, da sha'anin jama'a, da kuma lamarin gidajensu. Na zaɓi in tsaya a zamanin Malam Aminu Kano da abokan tafiyarsa, domin shi ne zamanin da dattawan da ke zaune a nan suka gani da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu. Abin da nake son in tabbatar muku kafin in zauna shi ne, rabin tarihin siyasar talakawa yana birni, a ɗakunan ajiya, amma ɗaya rabin yana garuruwa irin Durun, cikin adaka da gafaka, kuma gara na cinsa yanzu haka da muke magana. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: wa ke riƙe da alƙalami?

Mulki da wasiƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin yaƙin da ake yi tsakanin ɓangarorinsu, kowa na kawo hujjarsa ta ilimi, kuma Bello ya adana wasu a littafinsa Infakul Maisuri. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri, daga sarakunan ƙasa har da na Kano, wanda wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara aka buga a 1927. To, amma ku lura da abu guda. Waɗannan takardu daga fada suke fitowa, fada suke zuwa. Manomi ba ya cikin masu rubutawa, sai dai a ambace shi a wurin lissafin haraji.

Abin da ya sauya wannan shi ne fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, da Malam Abubakar Imam a kujerar edita. Jaridar ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, sai malamin elementare da akawun En'e da ɗan kasuwa suka gane cewa su ma za su iya rubuta damuwarsu a karanta daga Sakkwato har Yola. Imam da kansa ya nuna iyakar inda wasiƙa za ta iya kaiwa. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Dokta Azikiwe, ya gana da Lugga wanda ya tsufa a lokacin, sannan ya biyo bayan ganawar da dogayen wasiƙu. A ciki ya bayyana masa rashin yardar da ke tsakanin sarakuna da samarin da suka yi boko da jami'an Turawa, da yadda kukan talaka ba ya isa inda ya kamata. Mutumin da ya kafa tsarin mulkin nan shi ake rubuta wa cewa gininsa ya tsage. Waɗannan wasiƙu suna cikin littafin tarihin rayuwar Imam da aka buga a Zariya a 1989, ɗalibin da ke so zai same su.

Na biyu: takardar da ta raba mutum da albashinsa.

A nan zan ɗan daɗe, ku yi mini haƙuri. An haifi Malam Aminu a 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai masana shari'a. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun Alƙalin Kano. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya tafi Landan ƙarin karatun koyarwa a 1946, ya dawo aka tura shi Maru a lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai. Ku auna wannan da ma'aunin wancan zamani. Ɗan Arewa mai irin wannan takarda a 1950, ai hanyarsa a share take: albashi, gida, girma, da fansho a ƙarshe. 'Yan uwa da dangi duk sun sa ido a kansa.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu samari takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam yana ma'aikacin gwamnati a lokacin, dokar aiki ta ɗaure shi, bai iya shiga jam'iyyar a fili ba. A watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye aikin, kuma bai bar dalilinsa a cikin fayil ɗin ofis ba, sai da ya rubuta shi jaridar Comet ta Kano ta buga kowa ya gani.

Me ya ce? A taƙaice, da kalmomina: ya bar aiki ne domin bai yarda cewa ƙaddarar ƙasar nan ce ta zauna a ɗaure a hannun haɗakar Turawa da masu sarauta ba. Ya ce tsarin En'e kamar yadda yake ba zai iya warware matsalar ilimi ko ta tattalin arziki ko ta zaman jama'a ba. Ya ce a kira shi da kowane suna aka ga dama, zai bi hanyar da ya hango, ko shi kaɗai ko da wanda ya yarda ya bi shi.

Jama'a, me ya sa wannan takarda ta fi laccoci ɗari nauyi? Domin mai lacca yana iya cewa gobe ba a fahimce shi ba, ko 'yan rahoto sun yi masa ƙari. Wanda ya rubuta ya sa hannu ya aika, ya rufe wa kansa ƙofar komawa. Daga ranar, duk wanda ke son ya kama Malam Aminu da saɓa alkawari yana da hujja a rubuce. Shekara talatin da biyu da 'yan watanni ya yi bayan wannan takarda, har rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu 1983, kuma ana iya ɗora rayuwarsa a gefe guda, takardar a gefe guda, a gwada. Ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya a gwamnatin Janar Gowon, na sadarwa daga 1967, wato har gidan waya ya zama a ƙarƙashin ofishinsa, daga baya na lafiya. Duk da haka ku je Gwammaja ku ga gidan da ya rasu ya bari. Ni a ganina takardar ba ta ji kunya ba. Ɗan siyasa nawa ne a yau zai yarda a ɗauko abin da ya rubuta shekara biyar da suka wuce a karanta a gabansa?

Kada wani ya ce na zo Durun in yi laccar 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU. A ɗaya ɓangaren ma, na NPC, akwai masu alƙalami na gaskiya. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka yi koyarwa tare da Malam Aminu a Bauchi, shi ne ya tashi a Majalisar Arewa cikin Agustan 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara. A 1955 kuma, da ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kan kogi, ya rubuto wa wani abokinsa cewa abin da ya gani ya sauya masa ra'ayi: da can bai gaskata Nijeriya za ta iya zama ƙasa ɗaya ba, amma yanzu ya gaskata. A kan dandamali shugaba ba ya cika cewa ra'ayina ya sauya. A wasiƙa zuwa ga aboki yakan faɗa.

Na uku: yaƙin neman zaɓe a bayan keke.

Ƙannena ɗalibai, ku da kuka tashi da waya a aljihu, ku tambayi kanku: jam'iyyar da ba ta da gwamnati, ba ta da rediyo, ba ta da kuɗi, hakimi da dagaci da alƙali da ɗan doka duk ba nata ba ne, ta yaya saƙonta zai taso daga Kano ya iso ƙasar Gwarzo da Kabo? Takarda ce ke kawo shi. Wani lokaci ta gidan waya da kan sarki a goshinta, amma sau da yawa a aljihun direban motar kasuwa, ko tela, ko mai sayar da goro, ko saurayin da ya ɗaure ta a bayan keke. Wasu da boko, da yawa da ajami, domin mutanenmu da ake cewa jahilai a takardun gwamnati sun iya karatu da rubutu tun daga makarantar allo.

Ku duba irin takardun da siyasar wancan lokaci ta haifar. Akwai takardar neman izinin yin lacca, domin ba a taro sai En'e ta yarda, kuma mai ba da izinin yawanci yana ɗaya jam'iyyar. Akwai amsar da ke cewa an hana, ko an mayar da taron bayan gari, ko ranar da kowa ke gona. Akwai wasiƙar sakataren reshe zuwa hedkwata: mun sayar da kati kaza, an kama mana mutum kaza, an ƙara wa wane haraji saboda an gan shi da tauraro, alamar NEPU. Akwai takardar koke zuwa ga Di'o ko Razdan. Akwai kuma wadda ta fi taɓa zuciya, ta neman taimako ga iyalin wanda aka ɗaure, ga damina ta kama, ba mai yi masa noma.

Waɗannan takardu su ne ke bayyana abin da alƙaluman zaɓe ke ɓoyewa. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, ana tace wakilai daga mataki zuwa mataki, En'e kuma na da ikon cusa nata mutanen, sai aka wayi gari ba ta kai ko mutum ɗaya majalisa daga Kano ba. A 1959, lokacin da mazan Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye a zaɓen tarayya, NPC mai alamar fartanya ta sami kujeru 134, NEPU ta sami 8, ɗaya daga ciki ta Malam Aminu ce a Kano ta Gabas. Wanda ya karanta lissafin kawai zai ce ai ƙaramar jam'iyya ce. To, kujera takwas ɗin nan, wa ya san adadin bulala da ɗauri da gudun hijira da aka biya kafin a same su? Sakataren reshe ya sani, domin shi ya rubuta sunayen.

Ga iyayenmu mata da ke zaune can, ku ma kuna cikin labarin, ko da yake ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba sai a 1976. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan wannan hakki tun shekarun 1950. Matar da ta ɓoye takardar jam'iyya a ƙasan tukunya ranar da 'yan doka suka zo bincike, ita ma ta yi siyasa, ko ba a rubuta sunanta a ko'ina ba.

Na huɗu: gida.

Ɗan siyasa ɗa ne ga wani, miji ne, uba ne, aboki ne. Wannan fuska ba ta fitowa a jawabin majalisa. Ku ɗauki Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda Malam Aminu ya ɗauka a matsayin malami kuma yaya a tafiyar. Ya yi sakataren NCNC a Legas, ya dawo gida ransa bai ji daɗin yadda ake ɗaukar matsalar Arewa a can ba, ciwon ƙirji kuma ya kwantar da shi shekaru har ya rasu a 1958, bai ga 'yancin da ya yi wa aiki ba. Mutumin da jiki ya hana shi hawa dandamali, alƙalami ne ya rage masa. Daga kan gadon jinya ya ci gaba da rubutu da ba da shawara, kuma masanin tarihi A. M. Yakubu ya tattara rubuce-rubucensa a littafi a 1999. Idan kana karanta irin wannan rubutu, ka san cewa mai shi yana fama da numfashi lokacin da yake yinsa, nauyin kowace kalma yakan sauya.

Shi kansa Malam Aminu, tsarin da ya tsaya yana suka shi ne tsarin da danginsa ke aiki a cikinsa. Wannan ba a birni kaɗai ya faru ba. A garuruwanmu an sami wa da ƙane da suka daina cin tuwo a kwano ɗaya saboda tauraro da fartanya, an sami auren da aka fasa, an sami surukin da ya ƙi amsa gaisuwa. Dattawa, ko na yi ƙari? Daga baya kuma, da jam'iyyar Malam ta PRP ta dare gida biyu a 1980, santsi da taɓo, aka sake maimaita irin wannan a cikin gida ɗaya.

A wasu ƙasashe an adana wannan fuska ta shugabanni, shi ya sa jikokinsu suka san su a matsayin mutane. Nehru na Indiya ya rubuta wa 'yarsa Indira wasiƙu talatin a 1928, tana da shekara goma, yana koya mata tarihin duniya, ya kuma ci gaba da rubuta mata daga kurkuku. Ita ce ta zo ta zama firayim minista. Mandela, a farkon zamansa a tsibirin Robben, wasiƙa ɗaya aka yarda ya rubuta wa iyalinsa cikin wata shida, kada ta wuce kalma 500, ita ma sai gandiroba ya tace. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969, ya rubuta yana roƙon a bar shi ya je jana'iza, aka hana shi duka biyun. An buga wasiƙunsa na kurkuku a 2018. Wanda ya karanta su ya san abin da iyali ke biya idan maigida ya zaɓi gwagwarmaya.

Sai dai a nan akwai iyaka, kuma ina so a ji ni da kyau. Wasiƙar gida amana ce. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, al'adarmu ta san kunya. Abin da miji ya rubuta wa matarsa, ko uba ya yi wa ɗansa faɗa a kai, ba kayan baje koli ba ne don kawai mai shi ya yi suna. Magada su ke da ikon cewa wannan a karanta, wannan a rufe sai bayan shekaru, wannan kuma a bar shi a gida har abada. Abin da nake roƙo shi ne kada kunya ta sa a ƙona. Rufewa daban, ƙonawa daban.

Na biyar, a gajarce: takarda na iya ta da gobara.

A farkon watan Yuli na 1981 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, tana neman ya ba da amsa. Ranar 10 ga watan gari ya kama da wuta. Aka ƙona gidan rediyon jiha da wasu gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Ban zo in raba laifi a kan wannan ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na kawo shi ne don masu sha'awar shugabanci a cikinku su san cewa lafazin takarda da lokacin aika ta suna iya jawo abin da mai rubutun bai taɓa nufa ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga wa hatimi.

Na shida: abin da ya rage a wuyanmu.

Takardun manya sun sami masauki. Gidan Malam Aminu na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can Kadunan, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. To amma wasiƙa tana da kai biyu. Idan hedkwata ta rubuto, wani ne ya karɓa a ƙauye. Idan shugaba ya amsa koke, amsar tana hannun wanda ya yi koken. Ina waɗannan suke? Suna gidajenku. Suna cikin adakar kaka, a tsakanin rasiɗin haraji da takardar gona da tsohon katin jam'iyya, ko na NEPU ko na NPC ko na PRP mai alamar makulli ko na NPN. Duka ina nufi, domin tarihin da ya ji bakin ɓangare ɗaya bai cika ba.

Saboda haka ga roƙona ga ɗalibai. Ku je wurin kakanninku da ladabi, ku nemi izini kafin ku taɓa komai. Idan an buɗe muku, kada ku wanke, kada ku liƙa da gam, kada ku kai a manne takardar cikin leda mai zafi, domin zafin yana lalata ta kuma ba a iya cire ta daga baya. Ku shimfiɗa ta a inuwa ku ɗauki hotonta gaba da baya da wayarku, har da ambulan ɗin, saboda hatimin gidan waya yakan nuna rana da garin da ta fito. Ku rubuta a littafi wa ya aiko, wa aka aiko wa, a gidan wa aka samu. Idan ajami ce kuma hannun ya yi muku wuya, ga malamanmu nan, su za su karanta muku. Mafi muhimmanci, ku zauna da dattijon ya ba ku labarin da ke bayan takardar, ku naɗi muryarsa in ya yarda. Sannan a mayar da ita wuri busasshe, nesa da ƙasa da ɗigar rufi. Asalin takardar na masu ita ne. Hoton kuwa, in sun amince, makarantar gari za ta iya ajiye kwafi, a kai wani Mambayya.

Ga masu riƙe da muƙami a yau kuma, kansila ne ko ɗan majalisa, ina da tambaya. Saƙonninku duk sun koma WhatsApp da kiran waya, wayar ta faɗa ruwa ko an sauya ta, shi ke nan. Idan jikokin mutanen Durun suka tashi neman abin da kuka yi musu alkawari da abin da kuka amsa lokacin da suka kawo kuka, me za su tarar? Idan jama'a suka rubuto muku, ku amsa a rubuce, ku sa hannu, ku ajiye kwafi.

Mai girma Dagaci, malamai, iyaye da 'yan uwa, a nan zan dakata.  Allah ya jiƙan magabatanmu na kowane ɓangare, ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Shugaban taro, na mayar maka da magana. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah, kuma zan so a fara ba dattawan da suka ga zamanin dama.